Duhu nake fara aunawa

Kafin in yage ledar faifai, bayan kwalin nake fara juyawa. Ba labarin fim ɗin nake nema ba, wannan na riga na san shi. Ƙananan rubutun can ƙasa nake bi da ido: tsawonsa minti nawa ne, wane fasalin allo aka saka, sautin asali yana ciki ko an musanya shi da wani, sannan harafin yanki. Wannan harafin ne yake fara jawo wa mai saye asara a wajenmu. Masu yin Blu-ray, faifan da ya fi DVD tsabtar hoto, sun raba duniya gida uku, A da B da C. Amurka da Kanada suna A, mu Afirka muna B tare da Turai da Ostireliya. Na DVD kuwa lamba ce: Amurka 1, Turai 2, Najeriya da Nijar 5. In na'urarka ta B ce ka saka mata faifan da aka kulle a A, gajeren saƙo za ta nuna maka a allo ta yi tsaye, ko me za ka danna a rimot. Faifan 4K, wanda ya fi Blu-ray tsabtar hoto, shi ne ba a kulle shi da yanki, amma sau da yawa ana haɗo shi da Blu-ray a kwali ɗaya, shi kuma a kulle. Ni na mallaki na'urar da ke karɓar kowane yanki, mai karatuna ba lallai ba ne, don haka wannan bayanin ne layin farko a duk bitar da na rubuta.

A wannan karon faifai uku ne suka iso ta hannun yayana da ke zaune a Ingila, wanda nake tura kaya adireshinsa, shi kuma ya ba mai zuwa gida. Akwai Halloween na 1978 a faifan 4K da kamfanin Scream Factory na Amurka ya fitar a 2021, da My Bloody Valentine na 1981 a Blu-ray ɗin da shi dai wannan kamfanin ya fitar a 2020, sai The Burning, shi ma na 1981, fitowar Arrow Video ta Birtaniya. Da saƙon ya isa hannunsa sai ya kira ni.

"Kai, wannan mai farar fuskar ba na gan shi a ɗakinka ba? Me za ka yi da biyu?"

"Fim ɗin ɗaya ne, Yaya, faifan ne daban. Wancan darensa bai yi shuɗi ba."

"To, kai ka san wannan. In sha Allahu za su zo da mai zuwa."

Tambayar tasa tana kan hanya, don ita ce ta raba aikina da na mai sharhin fim. Mai sharhin fim yana gaya maka ko labari ya yi daɗi, ko 'yan wasa sun iya. Mai bitar faifai kuwa amana ce yake bincike: abin da aka ɗauka da kyamara shekaru arba'in da suka wuce, shi ne aka miƙo maka a wannan faifan, ko an rage, ko an ƙara, ko an goge? Irin waɗannan fina-finan, na matasa da ke haɗuwa a wani keɓaɓɓen wuri, wani mai rufaffiyar fuska yana bin su ɗaya bayan ɗaya har yarinya guda ta tsira, sun fi kowane irin fim shan wahala a hannun masu fitar da kaset da faifai. Da kuɗi kaɗan aka yi su. Halloween bai wuce dala dubu 300 da 'yan kai ba. Hukumomin tace fina-finai sun yi musu gunduwa-gunduwa, manyan kamfanoni sun ci ribarsu suna jin kunyar su, aka yi ta jefa su kasuwa ba tare da an kula da yadda suka fito ba. Ga shi kuma rabin kowannensu a cikin duhu yake. Fim ɗin soyayya in an lalata duhunsa ba wanda zai damu sosai. Wannan kuwa in duhun ya lalace, tsoron ya mutu, fim ɗin ya zama wasu yara suna gudu a cikin gida.

Saboda haka kafin in saka komai sai na gyara talabijin. Yadda ake sayar da ita a shago, an ƙure mata haske da launi don ta ja ido, an kuma kunna mata wata dabara da ke ƙirƙiro hotuna tsakanin na asali don motsi ya yi santsi. Duk wannan kashe shi nake yi. Fim na sinima hoto 24 ne a kowane sakan, haka nake so in gan shi. Talabijin na yanzu da yawa suna da saitin da aka rubuta wa Filmmaker Mode, shi nake zaɓa, in kuma babu sai in nemi na sinima. Ina jira sai bayan isha'i, yara sun kwanta, in tabbatar batirin inbata a cike yake don kada ɗaukewar wuta ta katse ni a tsakiya, in kashe fitila, in ja labule. In janareton maƙwabta yana ruri sai in sa abin kunne.

Kallon farko ba na riƙe biro, ba na tsayar da fim. Zama nake yi in bar shi ya yi aikinsa, don in ji ko har yanzu yana tayar da tsikar jiki. A kallo na biyu ne littafi ke fitowa, ina rubuta minti da sakan na duk abin da ido ya tsaya a kai.

A Halloween akwai wuri guda da nake gwada kowane faifai da shi. Can wajen ƙarshe, Laurie, wadda Jamie Lee Curtis ta fito a matsayinta, ta gama ganin gawarwakin ƙawayenta a ɗakin sama, ta ja da baya ta jingina da bango kusa da wata ƙofa tana kuka. Cikin ƙofar baƙi ne ƙirin, babu komai. Sannu a hankali farar fuskar makashin, Michael Myers, ta fara tsatsowa daga cikin baƙin, ba don ya matso ba, ai yana tsaye a wurin tun farko. Mai ɗaukar hoton, Dean Cundey, wata 'yar fitila ya ɓoye yana ƙara mata ƙarfi kaɗan-kaɗan, don ya zama kamar idonka ne yake sabawa da duhun. In an ƙara wa faifai haske fiye da kima, za ka hango mutumin tun kafin lokaci, abin ya tashi a banza. In an danne baƙin da yawa, fuskar ba ta tsatsowa, faɗowa take yi farat ɗaya. In kuma an matse fim ɗin don ya shiga ƙaramin wuri, duhun yakan farfashe ya zama 'yan murabba'ai masu rawa, ko ya yi hawa-hawa. A faifan 2021 na mayar da wurin baya na sake kallo, na sake. Goshin ne ya fara fitowa, sai ƙashin kunci, ramukan idon suka zauna baƙi har ƙarshe, kuma gefen ƙofar bai narke cikin duhun ba. A nan ne faifan ya ci yawancin makinsa a wajena.

Sai maganar launi, wadda masu tara faifan wannan fim suka shafe shekaru fiye da ashirin suna musu a kanta. Labarin yana faruwa ne a ranar 31 ga Oktoba a wani ƙirƙirarren gari mai suna Haddonfield a jihar Illinois, lokacin da ganye ke bushewa yana zuba. Amma daraktan fim ɗin, John Carpenter, a kudancin Kalifoniya ya ɗauke shi, a unguwannin South Pasadena, cikin bazarar 1978, itatuwa kore shar. Sai da suka yi wa ganyaye fenti suna watsawa a titi, in an gama ɗauka a tattare su a buhu a kai wuri na gaba. Wanda ya ƙura ido ma zai hango bishiyoyin Kalifoniya masu kama da giginya a wasu wuraren. Kenan kakar da kake gani a allo rabinta aikin daidaita launi ne bayan an gama ɗauka. DVD ɗin 1999 Cundey ne ya tsaya a kansa, darensa shuɗi ne mai sanyi, ranarsa ta yi ruwan ƙasa-ƙasa. Wanda ya fito a 2003 aka rage shuɗin, ciyawa ta koma kore, kuma a kan wannan aka gina Blu-ray ɗin farko na 2007. A 2013 aka sake kiran Cundey, a 2021 ma ya sa hannu. Abin da nake yi shi ne in ɗauko hoto guda daga kowace fitowa da nake da ita, daidai sakan ɗaya, in jera su a kwamfuta. Da na jera sai na ga ko waɗanda Cundey ya amince da su ba su zama iri ɗaya ba: na 2013 ya fi dishi-dishi, na 2021 ya fi shi rai. Ban rubuta cewa wane ne gaskiya wane ne ƙarya ba. Na bayyana yadda kowanne ya fito, na ce ni na 2021 ya fi kwanta mini, saboda darensa ya riƙe shuɗin ba tare da fatar mutane ta koma ta gawa ba.

Akwai abin da nake tuna wa masu karatu irina, waɗanda suka fara ganin waɗannan fina-finan a kaset, ko a faifan nan da ake cusa wa fim goma sha. Halloween da faffaɗan allo aka ɗauke shi, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.35. Tsohuwar talabijin kuwa 1.33 ce. Don ya cika ta sai a yanke gefe da gefe, kusan kashi 43 cikin ɗari na hoton ya tafi. Carpenter kuma a gefen yake ajiye makashin nasa: kafaɗa a bakin allo, mota tana wucewa a bayan mai magana, inuwa a jikin shinge. Wanda ya kalli yankakken bai ga rabin abin tsoron ba, kuma bai san bai gani ba. Na biyu, Najeriya tsarin PAL take bi irin na Turai, wanda ke gudu da hoto 25 a sakan maimakon 24. Fim mai minti 91 sai ya koma kusan 87 a DVD ɗin Turai, kiɗan fiyanon nan da Carpenter ya tsara da kansa ya ɗan ƙara sauri da kaifi. An sha tambayata ina minti huɗun da aka yanke. Babu abin da aka yanke a wannan, gudu ne kawai. Blu-ray da 4K sun raba mu da wannan matsalar.

Sauti ba ya ɗaukar mini lokaci kamar hoto, amma ba na tsallake shi. Waɗannan fina-finan da sautin sifika ɗaya suka fito. Daga baya aka riƙa rarraba shi ya zagaye ɗaki, wani lokaci a ƙara tsawa ko ƙarar ƙofa da babu su a asali. Nakan saurari wuri ɗaya da kowanne. Sabon yana da faɗi, ban ƙi shi ba, amma in babu na asali a faifai maki nake ragewa, ko da hoton ya kai ina. Wannan yana da shi.

My Bloody Valentine wata irin wahala ce daban, ita ce kuma ta fi cin lokacina. Fim ɗin Kanada ne, George Mihalka ya ba da umarni, aka ɗauke shi a cikin ainihin ramin haƙar kwal a garin Sydney Mines na lardin Nova Scotia. Ana ba da labarin cewa da mutanen garin suka ji za a zo ɗaukar fim, sai suka share ramin suka yi masa fenti don a fita kunya, masu fim suka zo sai da suka sake kashe kuɗi suka mayar da shi baƙi da datti. Na kuma rubuta a bitata cewa waɗannan ba 'yan makaranta ba ne, samari ne masu aikin haƙa da 'yan matansu, don kada wanda ke neman irin na sansanin hutun yara ya ce na yaudare shi. Fim ɗin ya isa gaban hukumar da ke ba fina-finai tambarin shekaru a Amurka, wadda ake kira MPAA a wancan zamanin, a mummunan lokaci. Friday the 13th ya fito a watan Mayun 1980 ya jawo surutu kan yawan jini, sannan aka harbe mawaƙi John Lennon a Disamba. Mihalka ya sha faɗin cewa wannan yanayin ne ya sa aka tsananta masa. Aka ce ko a yanke, ko a ba shi tambarin X, wanda gidajen sinima da yawa ba sa nunawa. Kusan kowane kisa a fim ɗin sai da aka taɓa shi. Shi daraktan ya ce abin da aka cire ya kai minti tara. Abin da aka mayar a 2009 bai wuce kimanin minti uku ba. Duka lambobin biyu nake kawowa, in faɗi daga bakin wa kowacce ta fito.

A nan aikin na agogo ne. Faifan 2020 yana da sigar sinima da cikakkiya, kowacce a nata faifan. Sai in kalli kisa ɗaya a wannan, in rubuta inda ya fara da inda ya ƙare, in canza faifai in kalli shi a wancan. Misali wurin da ɗan sanda ya buɗe injin busar da kaya a shagon wanki ya tarar da gawar dattijuwar nan Mabel: a sigar sinima walƙiya ɗaya ce, ka gani ba ka gani ba, a cikakkiyar kuwa kyamara ta tsaya. Amma babbar tambayar ba yawan sakan ba ce, ɗinkin ne. A fitowar 2009 gutsattsarin da aka mayar sun koɗe, sun yi zane-zane, launinsu ya bambanta da sauran fim ɗin. Da zarar hoto ya sauya ka san yanzu za a kashe wani, faifan da kansa yake tona asirin fim ɗin kafin makashin ya ɗaga digarsa. A na 2020, da aka koma kan asalin negetif, wato zaren fim ɗin da ya fito daga kyamara, aka kwafo shi da 4K, sai na matso kusa da allo kafin in gane wasu wuraren haɗin. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye ga wanda yake da tsohon.

A cikin ramin ne kuma nake duba tsaki-tsakin hoto. Fim na da yana da wasu ƙananan ƙwayoyi masu motsi a jikinsa, daga sinadarin da ke kama haske suke, kuma sun fi yawa inda haske ya yi ƙaranci. Masu ɗaukar wannan fim ba su samu damar shiga da manyan fitilu ba saboda tsoron iskar gas ta kama da wuta, don haka tsakin yana da kauri a ƙasan ramin. Wasu kamfanoni suna ganin wannan datti ne, sai su sa kwamfuta ta goge. In aka goge, gumi da ƙurar kwal da gashin gemu duk su tafi tare, fuska ta koma sumul kamar ta 'yar tsanar roba. Yadda nake ganewa: in tsayar da hoto a kan fuskar wani mai fitila a goshi, in duba ko ana ganin ramukan fata da zaren rigarsa, sannan in sake shi in ga ko tsakin yana motsi da kansa ko ya daskare yana bin fuskar. A wannan faifan an bar shi yadda yake. Na rubuta wa mai karatu ƙarara cewa in ya ga hoton yana yashi-yashi kada ya ce an sayar masa da jabu, haka fim ɗin yake.

The Burning tarihinsa na kaset ya fi labarinsa shahara. A Birtaniya hukumar tace fina-finai ta yanke shi don sinima, sai kamfanin da ya fitar da kaset ɗin ya saki cikakken bisa kuskure. 'Yan sanda suka riƙa kwashe shi daga shagunan haya, ya shiga jerin fina-finai 72 da ofishin mai gabatar da ƙara ya lissafa a farkon shekarun 1980, waɗanda jaridu suka yi wa laƙabi da video nasties. Wannan hayaniyar ce ta haifar da dokar 1984 da ta wajabta tace duk wani kaset kafin a sayar. Sai a farkon shekarun 2000 aka bar shi ya fito cikakke a can. Wurin da ya jawo duk wannan da rana tsaka aka ɗauke shi, a kan wani kwale-kwalen katako da yara suka ɗaura, makashin ya taso musu da almakashin yankan shinge. Aikin Tom Savini ne, mutumin da ya yi ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, wanda ya ƙi aikin Friday the 13th kashi na biyu don ya yi wannan. A Blu-ray, da hasken rana, ana ganin inda wuyan roba ya haɗu da fatar gaske, launinsu bai zo ɗaya ba. Kaset ya ɓoye wannan shekara da shekaru. Ban ɗora wa faifan laifi ba, ban kuma raina Savini ba. Na fi son in ga hannun mai sana'a, da roba da tiyo da jan ruwa, a kan a shafe mini shi.

Sai ɓangaren da ba na wasa da shi. Masu karanta ni Hausawa ne, akwai iyaye, akwai wanda talabijin ɗaya ce a gidansu. Ba na rubuta "akwai abubuwan manya" in wuce. Nakan faɗi akwai tsiraici ko babu, sau nawa, a wane minti, jinin ya kai ina. Duka ukun nan ba na yara ba ne, ba kuma na zaman falo da iyali ba. Halloween jininsa kaɗan ne ƙwarai, mutane sukan yi mamaki in sun koma sun duba, amma akwai tsiraici. The Burning ya fi damuna, ba don jinin ba, sai don yadda kyamara ke laɓewa tana leƙen 'yan mata a wurin wanka ba tare da labarin ya buƙaci hakan ba. Sunan Harvey Weinstein yana jikin fim ɗin a matsayin furodusa kuma mai ƙirƙirar labari, mutumin da kotun Los Angeles ta samu da laifin fyaɗe a 2022. Na ga ya zama dole mai saye ya san wannan, shi ya yanke wa kansa hukunci. Tun 1980 masu sharhi biyu na birnin Chicago, Gene Siskel da Roger Ebert, suka ware shiri guda a talabijin suna zargin irin waɗannan fina-finan da ƙin mata. Daga baya malamar jami'a Carol Clover, a maƙalarta ta 1987 da littafinta na 1992, ta nuna cewa mai kallo, har namiji, yakan koma bayan yarinyar da ta tsira, ita yake wa fatan nasara. Na kalli isassu da zan ce kowannensu ya faɗi gaskiya a kan wasu fina-finan. Halloween yana wajen Clover. Rabin farko na The Burning yana wajen su Siskel.

Ƙarin kayan da ke cikin faifai su nake bari ƙarshe, don sun fi fim ɗin kansa tsawo. Akwai sharhin da ake ɗorawa a kan fim, darakta ko 'yan wasa suna hira yana tafiya, akwai tattaunawa da ma'aikata, da tsofaffin tallace-tallace. Abin da nake bincike shi ne wanne ne sabo, wanne aka kwaso daga tsohuwar fitowa, wanne kuma aka bari a baya. A Halloween, hirar Carpenter da Curtis tun 2013 aka ɗauke ta. Akwai wata tsohuwa ta 1994 daga babban faifan laserdisc na kamfanin Criterion, wadda Debra Hill take ciki. Hill ce ta rubuta labarin tare da Carpenter, ita ce furodusa, ita ta rubuta yawancin hirar 'yan matan, ta rasu a 2005, don haka duk fitowar da ke da muryarta ina ambata. Sai sigar talabijin: da tashar NBC za ta nuna fim ɗin a Oktoban 1981, an rage wasu wurare, aka buƙaci cike lokaci, Carpenter ya ɗauki ƙarin kusan minti 12 a lokacin da ake aikin kashi na biyu. Tana da amfani ga mai son tarihi, amma na shawarci wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba kada ya fara da ita, tana rage masa gudu. Rubutun ƙasan allo ma ina kunna shi in bi na ɗan lokaci, domin da yawanmu da shi muke kama Turancin Amurka in ana magana da sauri ko ana raɗa.

Wajen yanke hukunci ba na manta cewa kuɗin faifai da dala ko fam ake biya, ga kuɗin kawowa. Na rubuta cewa Halloween na 2021 ya cancanci saye ga mai talabijin ta 4K da ke iya HDR, wato dabarar fito da haske da duhu sosai, da na'urar da ke karanta faifan. Wanda ba shi da su, kuma yana da Blu-ray ɗin 2013, ya riƙe abinsa, bambancin da zai gani bai kai kuɗin ba. My Bloody Valentine na ba shi maki mafi yawa a cikin ukun, don shi ne aka fi yi wa ɓarna a da, shi ne kuma gyaran ya fi fitowa fili. The Burning na yaba wa faifan, na faɗi ra'ayina a kan fim ɗin ba tare da na sassauta ba.

Bayan bitar ta fita, tambayar da ta fi yawa ba a kan ko ɗaya cikin ukun take ba, a kan Scream na 1996 ne, na Wes Craven, don shi ne samarinmu suka fi sani. Suna so su ji ko faifan 4K da Paramount ya fitar a 2021 ya dawo da abin da MPAA ta sa aka cire, kimanin sakan 20, yawancinsu a kashe-kashen farkon fim da na ƙarshe. Bai dawo da su ba, sigar sinima ce a ciki. Cikakkiyar ta fito a laserdisc a Amurka da DVD ɗin Japan, kuma duka biyun sai a hannun masu sayar da tsofaffin kaya. Hoton faifan 2021 ya fi na tsohon Blu-ray nesa ba kusa ba, wannan na tabbatar da idona, amma duk wanda saboda waɗancan sakan 20 ɗin zai saya, na ce masa ya ajiye kuɗinsa.